Allurar da Ta Soki Adijatu

An yi wani mutum a Tamale mai ɗan ƙaramin asibiti a unguwar Moshi Zongo. Ya iya aiki, har daga Nyanshegu ake ɗauko masa marasa lafiya a kan babur. Aibinsa ɗaya: ba ya son na ƙasa da shi ya gyara masa.

Ma'aikatansa sun zauna sun rubuta ƙa'idojin kare lafiyarsu: a ba kowa safar hannu, a sa akwatin zubar da allura, a yi musu rigakafin ciwon hanta. Nas Mavis ce ta kai masa takardar. Ya tura ta cikin durowa, ya ce shekara talatin yana aiki da hannunsa haka nan, me ya same shi?

Ya 'yan uwa, kun ga inda girman kai ke farawa?

Wata safiya Adijatu, mai sharar asibitin, ta ɗaga ledar shara, allurar da aka yi wa wani ta huda mata tafin hannu. Ta je wurinsa tana nuna masa jinin. A makon nan masu duba asibitoci za su zo. Ya san akwai allurar kariya idan an hanzarta, amma sai an rubuta rahoto, shi kuwa ba ya son masu dubawa su gani. Sai ya ce ta wanke da sabulu, kada kowa ya ji.

Bayan wata huɗu idanunta suka yi ɗorawa, cikinta ya kumbura. Ko da aka kai ta babban asibiti, hantar ta riga ta lalace. Ya je gaishe ta, ya tsaya a bakin gado. Ita ce ta yi magana.

"Alhaji, ban faɗa wa kowa ba, kamar yadda ka ce."

Kwana biyu bayan haka ta rasu, ta bar 'ya'ya uku. Mavis ta faɗa wa masu duba asibitoci abin da ta sani, aka rufe asibitin. Yanzu idan ya hango 'ya'yan Adijatu a hanya, sai ya sauya lungu. Ya yi kuka, ya yi sadaka, amma wadda zai roƙa gafara tana ƙasa.

Ya 'yan uwa, duk mai aiki a ƙarƙashinka amana ce a wuyanka. Masu jinyarmu ma jiki da jini ne. Wa zai kula da su idan shugaba ya ƙi ji?

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka yarda da mu. Amin.