Ranar da Filaye Ɗari Biyu da Arba'in Suka Ɓace a Kwamfuta

Akwai wani saurayi a Gangaren Tudu, nan Keffi, ana ce masa Abdulmuhaimin. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan kam ba a raba shi da ita. Sana'arsa haɗa manhaja, irin abin nan da ake zubawa a kwamfuta ta riƙa yi wa mutum aiki. Aibinsa ɗaya: in ya san abu, gani yake kowa jahili ne.

A shekarun da Abuja ta cika ta tumbatsa, ma'aikata suka riƙa biyo hanyar Keffi suna neman inda za su kafa ɗaki biyu. Wani dattijo, Alhaji Zainulabidin, ya yanka gonarsa ta gado da ke hanyar Garaku, fili ɗari biyu da arba'in, ya sayar. Shi ya ɗauki Abdulmuhaimin ya haɗa masa manhajar da ke riƙe sunan kowane mai fili, da lambar filinsa, da hoton zanen safiyo.

Takardun ofis kuwa, rufi ya yi yoyo wata damina, gara ta ƙarasa sauran. Alhaji bai damu ba. Ya ce ai komai na cikin kwamfuta.

To ita manhaja ba haka kawai ake miƙa wa mutum ita ba. Sai an ƙunshe ta a wani abu da suke kira insitola. Shi zai shiga kwamfuta ya ajiye komai a mazauninsa, kamar mata masu jeren ɗaki. Abin da ake haɗa insitolan da shi kuma iri biyu ne. Akwai na kyauta, wanda sai ka zauna ka rubuta masa umarni layi-layi da hannunka. Akwai na kuɗi, mai kyan gani, sai dai ka yi ta danna ƴan akwatuna ya yi maka sauran.

Abdulmuhaimin ya tara ya tara, ya sayi na kuɗi. Daga ranar aka daina jin kunne a unguwa.

Akwai wata Bayarabiya mai shagon gyaran kwamfuta kusa da kasuwa, Ireoluwa, kowa na ce mata Anti Ire. A Keffi aka haife ta, ta girme shi da shekara goma. Ita ma tana haɗa wa ƙananan makarantu manhaja, kuma da na kyauta take aiki.

Rannan ya shiga shagonta ya tarar tana rubutu.

Ya ce, "Anti, har yanzu kina nan kina tsintar tsakuwa a shinkafa? Abin da kike yi tun safe, ni minti biyar ne."

Ta ce, "Sannu Injiniya. Naka yana da kyau, ban ƙi ba. Da ina da manyan kwastomomi ni ma da na saya. Amma akwatunan nan da kake dannawa, kana karanta su?"

"Mutanen da suka yi shi sun fi ni da ke sani. Ai don kar in karanta na biya."

"Kana gwadawa a wata kwamfutar kafin ka kai wa mutane?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Na kyauta ake gwadawa, Anti. Shi ne ba a yarda da shi ba."

Ta ci gaba da aikinta.

Ana nan, katafila ta zo gyaran hanya ta kwashe duwatsun iyaka a wani layi. Rigima ta tashi kan fili ɗaya tsakanin mutum biyu. Ɗaya Gamaliel, tsohon saja ne, ya riga ya sauke tifar yashi a wurin. Ɗayan Baffa Ɓoɗejo, Bafulatani, wanda ya sayar da bijimai biyu ya saya wa ƴaƴansa. Har an kai ga zare sanda, Allah ya kiyaye. Alhaji ya ce kowa ya zo ofis ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya, a buɗe kwamfuta, abin da zanen safiyo ya nuna shi ke nan.

Abdulmuhaimin ya ji za a taru, sai ya ga ranar nuna kansa ta zo. Yana da sabon zubin manhajar, mai launi, mai taswira. Ƙarfe goma saura ya iso ofis, ya soka filashinsa, ɗan abin ɗaukar bayanai, a kwamfutar Alhaji, ya kunna insitolan da bai taɓa gwadawa ko'ina ba.

Abu ya tafi sumul. Ya buɗe manhajar.

Fari fat. Ba suna ko ɗaya.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya shiga inda hotunan suke zama, ya tarar wayam kamar an share da tsintsiya.

Ya buɗe tasa kwamfutar yana duba ƴan akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya, karo na farko a rayuwarsa. A shafi na huɗu ya gani. Wani ƙaramin akwati mai alama, ƙarƙashinsa an rubuta cewa a kwashe tsohon mazaunin gaba ɗaya kafin a zuba sabo. Shi kuma a mazaunin nan ya ajiye bayanan mutane.

Ya rubuta wa kamfanin da ya sayar masa. Nan take amsa ta dawo: sun gode, za su duba cikin kwana biyu na aiki.

Ta taga ya hango Gamaliel ya faka mota, da ƙannensa biyu majiya ƙarfi. Can kuma ga Baffa Ɓoɗejo da mutanensa a gindin mangwaro, kowa da sandarsa a kafaɗa. Nan ya gane abin da ke gabansa. Ba wanda zai yarda kuskure ne. Ranar da za a raba gardama, a ce shaida ta ɓace awa ɗaya kafin lokaci? Kowane ɓangare zai ce ɗayan ne ya saye shi. Ya tuna yadda ake kashe mutum a kan taku uku na ƙasa.

Zuciya ta ce masa, ka ce wuta ce ta kawo da ƙarfi. Ka ce bairos ne, cutar kwamfuta. Ko ka fita ta baya ka hau mashin.

Sai ga Alhaji ya shigo, jama'a na biye.

"Injiniya, bismillah. Buɗe mana."

Abdulmuhaimin ya miƙe. Ya ce, "Baba Alhaji, babu komai a ciki. Ni na goge. Da safen nan, da hannuna, ban sani ba."

Sai Gamaliel ya cakumi wuyan rigarsa.

"Nawa suka ba ka? Faɗa mini! Saniya nawa?"

Wani cikin mutanen Baffa ya ce wa Gamaliel, "Kai ne dai ka saye shi, tunda ka san ba ka da gaskiya!"

Aka fara ture-ture, kujera ta faɗi. Alhaji ya zauna daɓas yana salati, don shi ya fi kowa sanin ba fili ɗaya ne ya tafi ba. Abdulmuhaimin kuwa hawaye kawai yake, yana cewa, "Wallahi ba wanda ya ba ni ko sisi."

Baffa Ɓoɗejo ne ya ɗaga hannu. Ya ce, "Saja, sake shi. Wanda aka saya ba ya cewa ni na yi. Yaro, akwai mai iya gyarawa?"

Suna ɗaya ne ya zo masa, kuma shi ne sunan da ya fi jin kunyar kira.

Ya buga waya, Anti Ire ta ɗauka a bugu na biyu. Bai gama bayani ba ta ce, "Ina kwafin da ka ajiye a gefe?"

Ya ce bai ajiye ba.

"Oluwa o! To cire wayar wuta yanzu-yanzu. Kar kowa ya sake kunna ta. Ina zuwa."

Ta rufe shago a ranar ciniki, ta hau mashin ta zo. Ta kwance kwamfutar, ta zare ma'ajiyar bayanan, ta jona da tata. Ta ce wa jama'a abin da aka goge bai tafi nan take ba, yana nan kwance, sai in an zuba wani abu a kansa. Kuma an zuba, tunda sabuwar manhajar ta zauna a wurin. Saboda haka ba ta yi alkawarin komai ba.

Awa uku ana jira. Gamaliel ya sa ƙaninsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ko da Abdulmuhaimin ya fita alwalar azahar, sai da aka bi shi har bakin famfo. Hotuna na dawowa ɗai-ɗai, wani lafiya, wani rabi, wani baƙi ƙirin. Duk wanda ya fito baƙi, sai Abdulmuhaimin ya sunkuyar da kai.

Can ya raɗa mata, "Anti, abin nan na kuɗi ne ya cuce ni."

Ta ce, "Kar ka yi masa sharri. Abin da ka sa shi ya yi. Nawa ma in na ce ya goge, gogewa zai yi. Sai dai ni sai na rubuta da hannuna, ina gani. Kai ka biya kuɗi ka rufe ido."

Gab da la'asar zanen layin da ake rigima ya fito, tas da shi. Filin na Baffa Ɓoɗejo ne. Na Gamaliel shi ne na bayansa, har ya ɗan fi girma. Saja ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baffa, yashin nan zan kwashe ranar Litinin." Ya fita bai kalli Abdulmuhaimin ba.

Ɗari biyu da goma sha biyu suka dawo. Ashirin da takwas sun tafi.

Alhaji ya ce, "Ba zan kai ka wurin ƴan sanda ba, don ka faɗi gaskiya lokacin da ƙarya ta fi sauƙi. Amma mutum ashirin da takwas ɗin nan, kai za ka nemo su da ƙafarka, ka ɗauko hoton takardar kowa."

Wata biyu yana yi. Masaka, Mararaba, Nyanya, har Nasarawa. Wani ya zage shi, wani ya ba shi ruwa. Ya samo ashirin da bakwai.

Ta ƙarshen wata baiwar Allah ce, Rahamatu, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da filin nan da ya saya da sunanta. Takardarsu ta ƙone a gobarar gidan haya. Shaidarta ɗaya a duniya ita ce wadda ke cikin kwamfutar Alhaji. Da dangin mijin suka ji ta ɓace, suka ce ai filin na ɗan'uwansu ne, ita ba ta da komai a ciki.

Har yau maganar na gaban mai unguwa. Duk ranar zama Abdulmuhaimin na zuwa ya rantse ya ga sunanta da idonsa. Ita kuwa ba ta taɓa zaginsa ba. Gaishe shi take yi, ta ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Ya ce da zagin ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Ƴaƴana, na kyauta da na kuɗi duk kayan aiki ne, kowanne da ranarsa, amma babu wanda zai karanta maka ko ya yi hankali a madadinka. Amanar mutane in tana hannunka, ka ajiye kwafi, ka gwada a naka kafin ka taɓa nasu, kuma kar ka raina wanda ke aiki a hankali. In ka yi ɓarna, faɗi da bakinka. Ku tura wa duk wani ɗa ko jika da ke taɓa kwamfutar mutane, ko Allah zai sa ya ji.