Wata Shidan da Sanatu Ta Ƙi Jira

A unguwarmu a Savelugu babu wanda bai san Sanatu mai man kaɗe ba. Mace ce mai himma da fara'a, sai dai ba ta iya jira ba. Ko tuwo ta ɗora, kafin ya nuna ta sauke.

Shekara biyu da aurenta da Dawuni ta yi ɓari, ta zubar da jini sosai. Ungozomar asibitinmu, wata dattijuwa da muke kira Mma Azara, ta gwada ta, ta ce jininta ya yi ƙasa. Ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce ta riƙa cin wake da zogale da hanta, ta rage tsayuwa gaban wutar kaɗe, kuma su bari sai bayan wata shida su nemi wani cikin.

Sanatu ta ce, "Wata shida, Mma? Ƙanwata fa har ta yaye na biyu."

"'Yata, ba tsere kuke yi ba. Bari jikinki ya dawo tukuna."

Dawuni ya amince. Ita kuwa kwana tara ta sha maganin, ta ce yana tayar mata da zuciya, ta cusa shi ƙarƙashin katifa. Daga baya ta gaya wa mijinta wai an sake gwada ta, an ce ta warke. Ba a rufa wata biyu ba ta samu ciki.

Tun a wata na huɗu ta fara haki, tafin hannunta ya yi fari. A na bakwai ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, aka wuce da ita babban asibitin Tamale. Sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Yaron ya zo bakwaini, ya yi kwana uku a kwalba, ya koma.

Da suka dawo gida ta ɗaga katifar, ta nuna wa Dawuni ƙwayoyin, ta faɗa masa gaskiya.

Dawuni ya ce, "Da kin gaya mini jiran ya yi miki nauyi, ai da na taya ki."

A wannan karon shekara guda ta yi tana shan magani, shi yake kai ta gwaji a babur. Yanzu 'yarsu Wumpini tana tatata. Amma har yau Sanatu ba ta iya zama a gidan sunan ɗa namiji.

Darasin shi ne, kula da ciki tun kafin a same shi ake farawa. Mace ta je a duba lafiyarta, ta gyara cinta, ta bi abin da aka gaya mata, miji kuma ya tsaya mata. Watannin da mutum ya ƙi jira, wani lokaci da rai ake biyan su.