Bututun da Malam Ishaya Ya Toshe

An ce wai a wani gari an yi gidan maƙera da suka shahara da haɗa ogan da gyaransa, wato babban abin kiɗan nan na majami'a mai bututu jere, wanda ake hura wa iska da zugazugi. Malam Ishaya ne ya kafa gidan. Da ya rasu, ɗansa Istifanus ya gaje shi.

Wata rana aka kira Istifanus gyara a wata tsohuwar majami'a ginin ƙasa, inda mahaifinsa ya haɗa ogan tun yana saurayi. Ya zura hannu cikin manyan bututun baya, sai ya jawo tsumma da auduga. Ya duba na kusa, haka. Jeren nan duka a toshe yake, bai taɓa yin sauti ba.

Kafin ya ce uffan, Baba Tanimu, dattijon majami'ar, ya gani.

"Ashe ado ubanka ya jera mana," in ji shi. "Mu kuwa muna ta sa masa albarka."

Magana ta cika gari, wasu majami'u suka fara janye aikinsu. Istifanus ya kasa cin abinci, yana tunanin ranar da za a nuna 'ya'yansa a kasuwa a ce ga jikokin macuci. Da kansa ya kai maganar gaban Dagaci Maikano.

"Ranka ya daɗe, in mahaifina ya cuce su, a faɗa mini in rufe maƙera."

Dagaci ya ce, "Bututun nan na gaske ne, ko hoto ne?"

"Na gaske ne. Ban taɓa ganin aikinsa mai kyan wannan ba."

"To, ni ban san macucin da zai sha wahalar ƙera abu ya kammala, sannan ya rufe masa baki ba. Mu je."

A majami'a ya sa aka cire tsumman, aka ajiye ƙwarya cike da ruwa a gindin bango. Ya fitar da kowa tsakar fili ban da Istifanus da mai zuga, ya ce wa Istifanus, "Danna maɓallin bututu mafi girma, ka riƙe."

Wani irin ruri ya taso wanda aka fi jinsa a ƙirji. Ruwan ƙwarya ya kama rawa har ya zube. Ƙasa ta soma zubowa daga tsakanin azara, bangon gabas ya tsage, wani ɓangaren yaɓe ya rikito daidai bencin da yara ke zama ranar Lahadi. Istifanus ya ɗauke hannu. Baba Tanimu ya zauna a ƙasa, bai san ya zauna ba.

Dagaci ya ce, "Ishaya ya ƙera muku murya, ya ga ɗakinku ba zai ɗauke ta ba, sai ya zaɓi rayukanku a kan yabonsa. Laifinsa ɗaya, da bai faɗa wa kowa ba, har ɗansa. Ku ku gina bangon da zai jure. Kai kuma ka mayar da tsumman, ka gaya wa 'ya'yanka dalili tun kana da rai."

Baba Tanimu ya miƙe, ya tsinci audugar da hannunsa, ya miƙa wa Istifanus.

Alherin da aka ɓoye dalilinsa, magada ne ke shan zarginsa.