Sunan da Malam Zailani Ya Soke

Akwai wani malamin sakandare a Jahun, sunansa Malam Zailani, mai koyar da labarin ƙasa. Aikinsa kam ya iya shi, sai dai yana da ji da kai. Ba ya minti goma bai tuna maka cewa shi ɗan asalin gari ba ne.

Lokacin rajistar jarrabawar fita ya zo, aka raba wa 'yan aji shida takardun cikewa. Kun san al'adarmu, yaro kan liƙa sunan garinsu a ƙarshen sunansa. Wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta nata: Falmata Mala Jahun.

Malam ya duba, ya zaro jan biro ya soke kalmar ƙarshe a gaban kowa.

"Ke da kuka zo gudun hijira daga Baga, yaushe kika zama 'yar Jahun? Je ki sake wani."

Aji ya kwashe da dariya. Falmata ta ninke takardar ta sa a jaka.

Washegari darasin ƙaura ne. Malam ya zana taswira a allo, ya kawo misalin mutanen da ake kira Latino, waɗanda ke barin Meziko da ƙasashen kudancinta su shiga Amurka. Ya ce su ne ke tsinkar tumatir a gonaki, su yi gini, su kula da tsofaffi, 'ya'yansu kuma har likitoci da alƙalai. Duk da haka wasu na ce musu su koma inda suka fito. Malam ya yi bayani har da dukan tebur don takaici.

Falmata ta ɗaga hannu.

"Malam, shekara nawa mutum yake yi kafin ya zama ɗan gari?"

"A can, wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Wanda ya zo kuma akwai hanyar da yake bi."

"To a Jahun fa?"

Malam ya ce lokaci ya ƙure.

Daga ranar Falmata ba ta sake zuwa ba, ga shi Juma'a za a rufe rajista. Idan ta wuce, shekararta ta tafi. Ranar Laraba shugaban makaranta ya ce wa Malam ya je ya nemo ɗalibarsa.

Ya sami mahaifinta a kasuwa, a rumfarsa ta bandar kifi. Baba Mala ya shimfiɗa masa buhu, suka gaisa.

"Malam, a goye muka zo da yarinyar nan. Ko hanyar Baga ba ta sani ba. Uwarta a maƙabartar garin nan take. Matasa bakwai na koya wa banda a rumfar nan, duk 'yan Jahun ne. Idan ka ce ba 'yar nan ba ce, gaya mini inda zan kai ta."

Malam ya fara kame-kame, wai shi tsarin takarda yake bi.

Wani dattijo mai sayar da igiya a rumfar kusa, Baba Sharhabilu, ya leƙo.

"Kai ba jikan Misbahu mai kanwa ba ne? Ina yaro kakanka ya sauka garin nan daga Damagaram, cin rani ya zo, da jaki ɗaya. A zauren babana ya yi damina biyu. Ba mu taɓa tambayarsa yaushe zai koma ba."

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san labarin sarai, ya dai ɗauka waɗanda suka sani sun ƙare.

Ranar Alhamis Baba Mala ya rako 'yarsa har ƙofar aji. Malam Zailani ya tsaya a gaban ɗalibai ya ce ya yi kuskure, ya nemi ta yafe masa. Ya miƙa mata sabuwar takarda.

"Rubuta sunanki cikakke, har da Jahun."

Ta cike ta miƙo masa. Ya duba: Falmata Mala.

"Ai kin manta ɗaya."

"Ban manta ba, Malam. Na yafe maka. Amma takardar sakamakon da za ta fito da sunan nan, har tsufana zan riƙe ta. Ba na son sunan da wani zai iya soke mini."

Ta ci jarrabawarta, ta wuce jami'a a Kafin Hausa. Da sakamako ya fito, ita ce ta ɗaya a sakandaren tasu, kuma babu Jahun a jikin sunan.

Darasi: Tausayin baƙon da ke Amurka ba shi da wuya, baƙon da ke gabanka shi ne gwajin. Kafin ka ce wa wani ba ɗan gari ba ne, tambayi dattawa yadda naku suka zo. Ku tura wa malamai da iyaye, wataƙila wani yaro ya tsira daga irin wannan jan biron.