Maƙerin da Ya Kai Ƙarar Ƙaninsa Saboda Sarki

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyen nan namu, maƙeri ne. Ba zan kama sunansa ba, domin danginsa suna tsaye a cikin cocin nan.

Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Abin da ya halaka shi, shi ne yadda ya ɗauki Sarki. A wurinsa Sarkin Rasha ba ya kuskure, ba ya zalunci. In an cuci talaka, to fadawa ne suka ɓoye masa. Ko sunansa aka ambata sai ya tuɓe hula, alhali bai taɓa ganinsa ba.

Yana da ƙane manomi, sunansa Sabba. Wata shekara aka zo ɗibar soja, aka tafi da babban ɗan Sabba. Kun san wanda aka ɗauka a wancan zamanin ba ya dawowa.

Ran nan suna cin baƙin burodi da albasa a bakin gona, sai maƙerin ya ce, "Haƙuri za ka yi. Sarki uba ne, ya fi ka sanin amfanin yaron."

Sabba ya ce, "Uban wa? Yaya, mutum ne fa kamar ni da kai. Shi ma in cikinsa ya murɗa, da gudu yake neman bayan gida."

Fekla, matar Sabba, ta yi dariya, karo na farko tun da aka tafi da ɗanta. Maƙerin ya ajiye burodinsa, ya tashi.

Kwana uku maganar tana cin sa. Bai zo wurin limamin coci ba, bai koma ya ja kunnen ƙaninsa ba. Ranar kasuwa ya tsaya gaban sojoji ya ɗaga murya: "Ina da maganar Sarki!" Haka ake kai ƙarar wanda ya zagi Sarki, ya kuma kama sunan Sabba. Kalmar nan kuwa in ta fita, ba mai iya mayar da ita.

Me yake tsammani? Yana tsammanin za a yi wa Sabba bulala biyar, shi kuma a yaba masa.

Su biyun aka sa wa mari a ƙafa, aka kai su birnin Mosko. Dokar wurin, mai ƙara ake fara ratayewa, a gani ko zai tsaya kan maganarsa. Aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka ja shi sama har kafaɗunsa suka goce. Yana ihu yana cewa, "A faɗa wa Sarki, don shi na yi!"

Magatakarda ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Kai baƙauye, kana jin Sarki ya san akwai ƙauyenku a duniya?"

Sau uku aka rataye shi, sau uku ya tsaya kan maganarsa. Sannan aka juya kan Sabba. Sabba bai kai na uku ba, ya mutu.

Da bazara aka sako maƙerin. Hannuwan da suke ɗaga guduma sun kasa ɗaga cokali. Maƙera ta mutu. Fekla ta tare shi a bakin rijiya, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ina rigar girman da Sarki ya ba ka? Ina ka baro mini Sabba?" Shekara goma sha tara maƙerin ya yi a bakin coci, ba mai zama kusa da shi.

Ni limaminku na je kansa ranar da zai cika. Na ce, "Ɗana, ambaci Sabba, ka nemi gafarar Ubangiji."

Ya dube ni ya ce, "Baba, kana ganin takardar ƙarar da na kai ta isa hannun Sarki kuwa?"

Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Ya 'yan uwa, ban ce ku raina mai mulki ba. Amma sarauta aro ce, wanda ke kan gadon kuma bawa ne da za a tambaya kamar kowa. Wanda ya ba ɗan Adam wurin da Allah kaɗai ya cancanta, zai miƙa masa jinin ɗan uwansa yana ganin ibada ya yi. Ta ina tuba za ta shigi irin wannan zuciya?

Allah ya kiyaye mu da bauta wa wanda bai san sunanmu ba. Amin.