Babbar Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Akwai wani dillalin filaye da 'yan layinsu suke kira Ba-Dim. Daga tuƙinsa ya samo sunan. In ya kunna babbar fitila, ko wa ke tahowa ba ya rage ta. In aka yi masa magana sai ya ce, "Wanda idonsa ba ƙarfi ya zauna a gida." Har sawa ya yi aka canja masa ƙwayayen fitila, aka saka waɗansu farare masu kashe ido.

Yana da ƙane mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma shekara biyu ba sa ga maciji da juna, tun ranar da Ba-Dim ya hana shi zama a kujerar falonsa gaban baƙi, wai kada ya shafa mata baƙin mai.

Wata safiya Ba-Dim ya dawo daga kai yara makaranta. Ya kashe mota, ya zare makulli, sai ya ga haske tar a jikin katanga. Ya ja sandar fitila gaba, ya ja ta baya, ya murɗa makunni har hannunsa ya gaji. Babbar fitila tana nan daram.

Haka ya tuƙa ta da rana tsaka zuwa layin makanikai, masu babur suna ta yi masa alama da hannu, shi kuma yana ɗura musu ashar.

Makanikinsa ya duba, ya girgiza kai. "Maigida, wannan ba ciwon inji ba ne, ciwon waya ne. Kuma duk layin nan babu kamar ƙanenka."

Ba-Dim ya ja tsaki. Ya je wajen mutum biyu, ɗaya ya rufe shago, ɗaya ya ce sai jibi. Dole ta sa ya faka a ƙofar shagon ƙanensa. Ko sallama bai yi ba, hon ya danna.

Mai wayarin ya fito yana goge hannu. "Yaya, yau kuma ɓatan hanya aka yi?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Fitila ta ƙi mutuwa. In za ka iya, bismilla."

"Ai ta gaji ubangidanta ne. Buɗe bonet."

Ƙanen ya buɗe akwatin fis, ya zaro na babbar fitila, ta mutu. Ya ɗaga shi sama. "Wa ya naɗa waya a nan? Aikin fis shi ne ya ƙone domin mota ta tsira."

"Kullum ƙonewa yake yi, na gaji da saye."

Ƙanen ya mayar da fis ɗin, ya zaro rile, ɗan baƙin abin nan mai kamar akwatin ashana da ke ba fitila wuta ya kuma yanke ta. Ya sa na hon a gurbinsa, ya ja sanda, fitila ta kama, ya saki, ta mutu. Ya ɓare tsohon ya nuna wa yayansa. Ƙarafan cikin sun narke sun manne da juna.

"Shi ke nan," in ji Ba-Dim. "Sa sabo in tafi."

"Ba shi ke nan ba." Mai wayarin ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya jawo wata waya. Robar jikinta ta yi baƙi, yana taɓawa tana marmashewa. "Ƙwayayen nan sun fi ƙarfin wayar. Su suka dafa rile, su suke dafa wannan. A cire su, a sa fis na gaske, a sake waya. Ka bar motar ta kwana."

"Ta kwana a ina? A wannan juji? Dama na san tun da na saye ta take tsone maka ido."

"Motar da na gyara wadda ta fi taka, ba ta ƙirguwa. Ni dai ba na rabin aiki."

"To riƙe aikinka, baƙin mai kawai!"

Ba-Dim ya tsallaka titi, ya sayi rile a wajen mai kayan mota, ya cusa da kansa. Fitila ta bi umarni. Ya wuce ta gaban shagon a hankali, yana kunnawa yana kashewa, yana dariya.

Da yamma ya je ya ɗauko mahaifiyarsu daga asibiti, inda ake duba mata gwiwa. Layi ya yi tsawo, ba su fito ba sai da duhu ya fara shiga. Ya zaunar da ita a gaba, ya ɗaura mata bel, ya kunna babbar fitila kamar kullum.

Sun yi nisa kaɗan sai ga babbar mota ta taho, direban yana ta roƙon a rage masa haske. Mama ta ce, "Kai, rage wa bawan Allah mana." Don kunyarta ya ja sanda. Ba ta ragu ba. Ya sake ja. Sai warin roba ya cika motar, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan dashbod.

Ya taka burki, ya zare makulli, ya yi waje da gudu yana neman buɗe bonet. Fitila tana ci, wuta kuma ta kama. Mama tana ta fama da bel, da ta ga harshen wuta ya nufo zanenta sai ta sa hannu ta danne narkakkiyar roba. Masu shagunan gefen titi ne suka jawo ta, suka kashe wutar da yashi.

Asibitin da suka baro suka koma.

Ƙanen ya iso da kayan aikinsa a jiki. Ya daɗe tsaye yana kallon hannun Mama a naɗe da bandeji. Ba-Dim ya matso, murya ƙasa ƙasa. "Ka ga, abin da ya faru..."

"Kar ka gaya mini. Na gan shi tun da safe." Ya juyo ya dube shi ido cikin ido. "Yaya, zagin da ka yi mini ban riƙe ba. Da ka zage ni sau ɗari ka bar motar ta kwana, da yanzu hannunta lafiya lau."

Mama ta ce, "Ku fita min ku biyun. Ciwo ɗaya ya ishe ni."

Da aka sallame ta, gidan ƙaramin ta zaɓa. Yatsunta uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Kowace safiya Ba-Dim yana zuwa a ƙafa, ya riƙe mata kofi ta sha, ya tafi. Shi da ƙanensa suna gaisawa, amma a tsaye.

Darasi: Gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ka raina. Kuma girman kai in ya tashi biyan mutum, sau da yawa a jikin wanda ya fi so yake faɗowa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da sitiyari.