Wanda Ya Kife da Wanda Ya Haye

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani mai fito, Arzika sunansa, mutum mai sanyin hali, wanda abokan sana'arsa ke yi wa ba'a da yawan tsoro. A tsakiyar gulbin akwai wani baƙin dutse da ake kira Goshin Sa, kuma tun kaka da kakanni masu fito suna da doka a kansa: muddin ana ganin dutsen a yi fito, in ruwa ya shanye shi kowa ya ɗaure jirginsa. Wanda kuwa ya yi wasa da ran mutane, a gaban jama'a ake karya filafilin da yake tuƙi da shi, daga ranar shi da ruwa sai sha sai alwala.

Wata safiya a tsakiyar damina Arzika ya hau tudu ya duba, ya ga Goshin Sa yana waje, amma ruwa na tasowa. Ya sauko ya ce wa masu jiran fito, "Jama'a, dutse na waje, doka ba ta hana mu ba. Sai dai ruwan nan ƙaruwa yake yi, abin da ya ɗauko daga sama kuwa ban sani ba. Wanda zai iya jira ya jira." Wasu suka sauka suna gunaguni. Wani dattijo mai suna Barmo ya ce shi kam ba zai jira ba, ƙanwarsa na can ƙetare rai a hannun Allah. Arzika ya rage kaya, ya yi bisimilla, ya tura jirgi.

Sun wuce dutsen ke nan sai wani ƙaton itace da ruwa ya tumɓuke, yana tafe a nutse ba mai ganinsa, ya daki cikin jirgin ya kifar da shi. Arzika ya yi ta nutso yana jawo mutane har ƙarfinsa ya ƙare. Kowa ya tsira ban da Barmo, wanda aka tsinci gawarsa can ƙasa cikin ciyayi.

Bayan an share makoki, Jatau ɗan marigayin ya kai ƙara gaban alƙalin garin, Malam Bagudu, ya ce a karya filafilin Arzika. Gari kuwa ya goya masa baya, don mutane ba sa son mutuwar da ba su da wanda za su nuna wa yatsa a kanta. Arzika ya zo ya ajiye filafilinsa a ƙasa ya durƙusa. Na mahaifinsa ne, da shi aka ciyar da shi, da shi yake ciyar da nasa 'ya'yan, ba shi da gona ba shi da wata sana'a. Tsoro ya cika shi, baƙin ciki ya fi tsoron yawa.

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kada a ɗora wa ruwa laifi. A wannan ranar, da labari ya kai wa matata Tabawa a gidan iyayenta a ƙetare, Nomau mai fito ne ya ɗauko ta ita da 'ya'yana. Ruwa ya fi na safe, amma ko ɗankwalinta bai jiƙe ba. Ga shi nan na kawo shi shaida. In gulbi ɗaya ne, rana ɗaya ce, to bambancin a hannun matuƙi yake."

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Shi kansa Arzika ya ji hujjar ta shige shi, har ya fara zargin hannunsa.

Nomau ya miƙe yana gyara hula. Irin mutanen nan ne da in aka yabe su sau ɗaya sai su ƙarasa sauran yabon da bakinsu. Alƙali ya dube shi da fara'a ya ce, "Ashe kai ne gwanin da ake faɗa. Ruwan da ka ratsa ya kai na Arzika kuwa?"

Nomau ya yi dariya ya ce, "Ya kai? Allah ya gafarta Malam, ai ya ninka shi! Da ƙafata na hau tudu na duba, ruwa ya shanye Goshin Sa ɗungurungum, ko alamarsa babu. Haka na cika jirgi na ratso. Wani in ya ga wannan ruwa ko alwala ba zai yi a bakinsa ba."

Nomau ya waiga yana jiran tafi, bai ga kowa na murmushi ba. Alƙali ya sa aka kira Tabawa, ya ce, "'Yata, kin san dutse ya nutse kika shiga da yara?"

Tabawa ta dafe ƙirji. Ta ce, "Wallahi Malam ban sani ba! Daga inda ake shiga jirgi a can ba a hango dutsen, sai an hau tudu. Na ce masa, Nomau, dutse fa? Ya ce mini, watakila yana waje, shigo kawai."

Jatau ya saki salati da ƙarfi. Ya juya ya dubi 'ya'yansa da ke zaune a bakin ƙofa, ƙaramar tana wasa da gefen zanen uwarta, sai ya zauna daɓas. Mutumin da ya kawo don ya yaba, ashe a ranar da ya rasa uba saura ƙiris ya raba shi da gidansa gaba ɗaya.

Sa'an nan Malam Bagudu ya gyara zama ya ce, "Ku mutanen garin nan, duk abin da ya auku a ruwa suna ɗaya kuke ba shi, alhali ba abu ɗaya ba ne. Arzika ya duba, ya faɗi abin da ya gani, ya faɗi abin da bai sani ba. Barmo, Allah ya jiƙansa, ya ji da kunnensa ya zaɓi tafiya saboda zumunci. Wannan kasada ce, kuma mai rai ne ya ɗauke ta a kan ransa, ido buɗe. Itacen da ya zo a nutse kuwa, ba idon da zai gan shi, ba dokar da za ta tare shi. Wannan shi ne tsautsayi, ba a kuma hukunta bawa a kansa. Amma kai Nomau, ba ka cikin shakka. Ka gani, ka tabbata, sa'an nan ka ce wa mace mai goyo watakila. Watakila ta wanda bai sani ba gaskiya ce, ta wanda ya riga ya gani kuwa ƙarya ce. Abin da ka yi ganganci ne, abin da ya fitar da kai sa'a ce, ita ka ɗauka ka sa wa suna gwaninta. A karya filafilin Nomau."

Wuri ya kaure da salati. Ba wanda ya taɓa jin an bar wanda ya kife an kama wanda ya haye. Nomau ya zube ƙasa, ya ce, "Malam, ni fa ban kashe kowa ba!"

Alƙali ya ce, "Gulbi ne bai kashe ba. Kai ka riga ka miƙa masa su, shi ne ya ƙi karɓa."

Sarkin ruwa, shugaban masu fito, ya ɗora filafilin Nomau a gwiwa ya karya. Arzika ya runtse ido da jin ƙarar, don tun safe ita yake jira, sai dai bai zaci a kan na wani za ta faɗa ba. Bai yi murna ba, Barmo dai ya tafi, kuma a jirginsa ya tafi.

Yana nan durƙushe sai ya ga an miƙo masa filafilinsa da hannu biyu. Ya ɗaga kai ya ga Jatau, hawaye na zuba. Jatau ya ce, "Arzika, ka yafe mini. Tabawa da yara za su koma ƙetare duba gwaggona. Kai za ka kai su. Ranar da ka ce a jira, za mu jira."

Arzika ya karɓa, ya rungume filafilin yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Shi ya sa masu hankali ba sa auna matuƙi da isowarsa gaɓa, don sa'a kan kawo mai ganganci, tsautsayi kuma kan kifar da mai lura. Abin da ake tambaya shi ne, me ya gani kafin ya tura jirgi, me kuma ya faɗa wa waɗanda suka ba shi amanar ransu.